Tafin Hannun Ɗan Damben Burkullu

Ina da wani littafi mai baƙin bango. Tsohuwar rajistar makaranta ce da aka daina aiki da ita, na cire shafukan da ke da sunayen yara na bar fararen. A ciki nake tara sa hannun manyan mutane. Wasu kiwon tantabaru ne cutarsu, wasu dara. Ni tawa ke nan, kuma ban taɓa neman magani ba.

Abin ya faro ne ina sabon malamin firamare a Gummi. Wani tsohon shugaban ƙasa ya zo gaisuwar rasuwa, gari ya cika ya batse. Na kutsa cikin jama'a da rajista a hammata, wani mai tsaronsa ya bangaje ni, hulata ta faɗi aka tattake, amma sai da na zura littafin ta tagar mota. Mutumin ya dube ni, ya yi murmushi, ya ja wani layi mai kama da ƙugiya. Na koma gida kai ba hula ina ta washe baki. Matata ta duba layin, ta duba kaina, ta ce an cuce ni a cinikin, don hula ko ba komai tana tare rana.

Daga nan na samu na ministoci biyu, da na wani tsohon gwamnan soja da na tare a bakin masallaci, da na wani ɗan ƙwallon da ya taɓa buga wa ƙasa, wanda tayar motarsa ta fashe a Anka. Ban taɓa ganin fashewar taya mai albarka irin wannan ba. Mai faci yana aikinsa, ni ina tsaye kan bawan Allah da biro har ya gaji ya sa.

Amma wasan da nake so da zuciya ɗaya dambe ne. In kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, duk inda na ji kalangu tsakanin Gummi da Bukkuyum, to a neme ni a gaban fage. 'Yan damben lokacin yawancinsu ba su yi boko ba, don haka na fito da dabara: ina yawo da kwalbar tawada irin ta allo da ɗan faranti, ɗan wasa ya shafa a tafinsa ya danna a shafi. Sai dai akwai ƙa'ida, kuma ba wanda ke karya ta. Ɗan dambe zai ba ka hannun da yake tare naushi da shi, yana dariya ma. Hannun da yake ɗaure wa zare, wanda yake kisa da shi, wannan ko ka yi kuka ba za ka samu ba. Sun yarda cewa in hoton hannun ya faɗa wurin abokin gaba, zai kai wa boka a ɗaure shi, ranar wasa ka ɗaga ka ji kamar ɓawon rake. Ni malamin makaranta ne, nakan ce musu camfi ne. Su kuma sukan ce to in camfi ne in shiga fage.

Akwai wanda ya fi kowa a zamanin, wani mahauci daga Nasarawa Burkullu. Ba dogo ba ne, amma ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu. Ban taɓa ganin bayansa ya taɓa ƙasa ba. Kaka uku ina bin sa, kaka uku yana miƙo mini hagu ina ƙi. Na rantse ko dama ko babu. Ina da taurin kai, wannan ko maƙiyina ya shaida.

A ta huɗu na hau babur na bi shi har gida. Na same shi a zaure yana wasa wuƙa. Na yi masa kirarinsa tun daga farko har ƙarshe, na lissafa masa mutanen da ya kayar da garuruwan da aka yi, har da wasan da shi kansa ya manta. Ya ajiye wuƙar ya daɗe yana kallona.

"Mallam, kai ba ka gajiya?" ya ce. "Kawo littahin ga."

Ya karɓi littafi da faranti da tawada ya shige cikin gida, ya bar ni a zaure. Na ji maganganu ƙasa-ƙasa, sannan na ji wata mace ta tuntsire da dariya. Ban kawo komai a raina ba, mata ai ba sa rasa abin dariya. Can sai ga shi da littafin a buɗe, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Hannun dama ne, faffaɗa, yatsu biyar a ware, kowane layi ya fito raɗau. Na dubi nasa hannun na gan shi tas, na ce a raina dubi mutum mai taka-tsantsan, har ya wanke.

"Sharaɗi guda," ya ce. "Abin ga kar shi bar hannunka. Ba kyauta, ba saye, ba aro."

Na yi alkawari har da dafa ƙirji. Aka aiko mini da fura daga ciki, aka ce in ji Innarsa. Na sha na kama hanya, ina jin ko shugaban ƙasa bai kai ni ba.

Da na isa gida na shimfiɗa littafin gaban matata, na nuna mata wasu ɗigo-ɗigo masu kauri a gindin yatsu. Na ce ta ga kanta, wannan tabon maza ne da suka sha ƙasa. Ta sunkuya ta duba da kyau.

"Wanga hannun daka na," ta ce.

"Ke mi kin sani ga dambe?"

"Ban san dambe ba, na san taɓarya. Ɗan dambe da tahin hannu yaka bugu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe littafina na ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Kwana biyu ban yi mata hira ba, ita kuwa ko a jikinta.

Shekara ashirin da 'yan kai wannan shafi ne alfaharina. Duk baƙon da ya zo, kafin ya gama shan ruwa na buɗe masa. Na nuna wa hedimastoci, na nuna wa surukaina, na nuna wa mai karanta mitar wuta. Ba wanda na bari ya taɓa.

Bara, bayan na yi ritaya, wani tsohon ɗalibina ya zo bikin ƙanwarsa. Yanzu babban mutum ne a Abuja, sana'arsa sayen tsofaffin abubuwa, kuɗin da, da kan sarki, da sa hannun mashahurai, yana sayar wa masu sha'awa ta intanet. Da na ji haka na ce abin nema ya samu. Na kira shi gida, na buɗe masa shafin tsohon shugaban ƙasa, na gyara zama ina jiran ya razana.

Ya yi ɗan murmushin ladabi. "Malam, wannan ai ina da irinsa da yawa. Mutumin nan ko takardar ƙosai ka miƙa masa zai sa hannu."

Ministocin kuwa bai ma gane su ba. Na tuna hulata da aka tattake a banza. Sai da ya kai shafin ɗan dambe ya tsaya cak. Ya ciro tabarau. Ya san sunan mutumin, ya kuma san ƙa'idar hannun dama. Ya ce bai taɓa jin wanda ya samu irin wannan ba, ya faɗi abin da zai biya. Ba zan faɗi adadin ba, amma zai sayi sabon babur, nawa kuwa ya kai shekarun da sai an tura shi yake tuna aikinsa.

Na ce masa akwai alkawari a kai. Ya ce mutumin ai ya daɗe da barin dambe, wa zai ɗaure hannun tsoho? Maganar ta shige ni. Sati guda ina juya ta. Ina son babur, ba zan yi ƙarya ba. Amma alkawari kaya ne, wanda ya ɗora maka shi ne kaɗai zai sauke. Na yanke shawarar in je in nemi izini, in ya yarda mu raba kuɗin.

Hanyar Burkullu yanzu ba a bin ta yadda aka ga dama, sai da na jira ranar kasuwa na bi ayarin masu babura. Na same shi a zauren nan dai. Ƙirjin ya zube, gemu ya yi fari fat, amma idon yana nan. Muka gaisa, na yi masa gaisuwar Innarsa da na ji ta rasu shekaru biyu da suka wuce. Sannan na yi ta kewaye-kewaye har na iso kan maganar.

Ya saurare ni har na gama. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci tari ne. Ashe dariya ce, irin wadda ke hana mutum numfashi. Ya yi ta har yana dukan tabarma.

"Mallam," ya ce yana share hawaye, "kai zaton ka ni mahaukaci na? In ba ka hannun da nika ci da shi? Hannun Inna na!"

Na ce, "Na wa?"

"Na Inna! Nic ce mata ga wani mallamin boko nan ya hana ni sakat. Tac ce kawo in sallame shi. Ita tad danna ma."

"To sharaɗin hwa? Ba kyauta, ba saye?"

"Kar wani wanda yas san hannuna shi gani shi tona ni mana."

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Hedimastoci suka dawo mini a rai ɗaya bayan ɗaya, da surukai, da mai mita. Fiye da su duka matata, da na san za ta yi shekara tana shan shayi da wannan labari. Na buɗe baki zan yi faɗa, don faɗa ne ya kamata, sai na ji ni ma dariyar ta kama ni. Muka yi ta yi kamar yara. Babur dai na san ya tafi. Ba zan sayar da hannun tsohuwa da sunan na ɗan dambe ba, ko da ba wanda zai gane.

Da muka lafa ya ce, "Kana tahe da shi? In gani."

Na ciro littafin daga jaka na buɗe masa. Ya ɗora a cinya. Dariyar ta tafi a hankali. Ya bi yatsun da ɗan yatsansa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ƙaramin, wanda ya ɗan karkace. Ni shekara ashirin ina cewa karayar fage ce.

"Nan saniya tat take ta, tana yarinya," ya ce. "Hannun ga kaɗai yat taɓa kai ni ƙasa. Ranar da tag gane na hwara dambe a ɓoye. Mari guda."

Na tambaye shi ko ba su da hotonta. Ya girgiza kai. Ya ce har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta ba, ko jikoki sun ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗakinta an rushe an yi wa ƙaninsa gini, kayanta an raba. Ba abin da ya rage.

Ya ɗora tafinsa a kan nata. Ya rufe shi ruf. Na kau da kai na kalli bango, don ba kyau ka kalli namiji irinsa a wannan hali, kuma ni ma idona ya cika.

Na ce a kawo mini reza. Tun da na fara tara sa hannu ban taɓa yanke shafi daga littafin nan ba, amma wannan na yanke shi a miƙe na miƙa masa. Bai yi godiya da baki ba. Sai ya ce, "Kana da tawadar?" Ina da ita, ban taɓa fita ba ita ba. Ya shafa a hannun damansa a gabana, ya danna a sabon shafi. Yatsun ba su miƙe sosai ba, shekarun dunƙulewa sun lanƙwasa su, hoton ya fito a tattare kamar sawun wata dabba.

"Ga shi nan," ya ce. "Wanga ka saida in ka so. Ba mai neman ɗaure shi yanzu, ya ɗaure kainai."

Yana nan cikin littafin har yau. Ɗalibina ya bugo waya ya gaji. Matata kuwa da na ba ta labari sai ta ɗauko taɓarya ta jingine a ƙofar ɗakina, ta bar ta nan kwana uku.

Amma abin da na fi tunawa shi ne fitowata daga zauren. Na hau babur na yi ta bugawa ya ƙi tashi, kamar yadda ya saba in akwai mutane. Na waiga ina jiran tsohon ya yi mini tsiya. Ba ni yake kallo ba. Yana tsaye a ƙofar shiga cikin gida, ya riƙe takardar da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika da nono, yana ƙwala wa 'ya'yansa kira.

"Ku taho! Ku taho ku ga hannun Inna."