Ranar da Usta Haruna ya taka gishiri da takalmi

Shekara goma ke nan a wannan watan da aka ɗauko mahaifina, Usta Haruna, daga filin gishirin da ke kudu da Khumra, kwance a bayan akori-kura. Bara na so in rubuta wani abu a kansa, ban iya ba. Bana ma sai da wani abu ya faru a tsakar gidanmu sati biyu da suka wuce, wanda har yanzu in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. In maganar ta karkace a wani wuri, ku yi mini haƙuri.

Baba Bahaushen Sudan ne. Ya ƙetaro teku da niyyar hajji, ya zauna a Jidda. Bakanike ne, shi ya sa ake ce masa Usta, yana da warsha, wato gareji, a unguwar Khumra, mu kuma muna unguwar Sa'alaba. Shi da wasu abokan sana'arsa suna da abin da suke yi duk Juma'a bayan la'asar: tseren ƙananan motocin da suka ƙera da hannunsu. A samo injin tsohuwar mota, a yanka bututun ƙarfe a yi walda, a lanƙwasa kwano a rufe gaba. Ba rufi, ba ƙofa, kujera ɗaya, tsayinta bai kai ƙugun mutum ba. Ta Baba shuɗiya ce, sunanta 'Yar Shila. Daidai jikinsa ya gina ta, har in ya ci naman layya ya ƙara ƙiba sai an ja shi kafin ya fito. Ba kofi, ba kyauta. Wanda ya zo ƙarshe shi ke dafa shayi.

Filin, sabkha muke ce masa, fari ne tas, a shimfiɗe kamar an goge shi. Sama ɓawon gishiri ne mai tauri, ƙasa kuwa laka, don ruwan teku na ratsowa ta ƙarƙashi. Ido ba ya gane inda ɓawon ya yi siriri. Tafin ƙafa ke ganewa: inda laka ta kusa, mutum zai ji sanyi ko da rana na dukan wurin. Shi ya sa kafin a tayar da inji sai an cire takalmi an zagaya hanyar, inda aka ji sanyi a ajiye tsohuwar taya a kauce. Da farko kowa na takawa. Da suka ga ƙafar Baba ba ta taɓa kuskure ba, sai suka bar masa aikin, su suna can suna ɗaure-ɗauren inji.

Ran Larabar makon da ya rasu, ɗigon walda ya faɗo masa a ƙafa, ya ƙone shi tsakanin yatsu har tafin. Ina shekara goma sha biyar, ana koya mana wanke ciwo a makaranta, ina jin kaina. Ni na wanke, ni na naɗa bandeji. Ran Juma'a yana shirin fita na tare ƙofa.

"Baba, gishiri zai shiga ciwon nan. Ka sa takalmi."

"Uwata, yau kuma likita aka zama?"

"Ka yi mini alkawari."

"Halas, shi ke nan, na yi. Wa ya isa ya ƙi maganar Uwata?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa saɓa mini alkawari ba. Na ɗauko takalmin roba mai kauri na sa masa da hannuna.

A zagaye na biyu, a kwanar da ke fuskantar teku, tayar gaba ta fasa ɓawon gishirin ta nutse. Motar ta kife. Bai kai asibiti ba.

Ran addu'ar uku, amininsa Usta Bakhit ya sa aka kira ni bakin ƙofa, ya miƙo mini abu a naɗe cikin takarda. Takalman ne. Baba ba ya tuƙi da takalmi, a wurin tashi ya bar su. Gishiri ya bushe a jikinsu fari har gefe: da su ya taka hanyar, bai ji sanyin ba. Usta Bakhit ya ce, "Ajiye, 'yata. Kwana ne ya ƙare." Bai faɗa wa Inna ba, bai faɗa wa yayana Idris ba, wanda a lokacin yana Sudan wajen kawunmu. Ni ma ban faɗa ba. Na sa su a ƙasan akwatina, suka bi ni har ɗakin aurena a Aziziyya.

Daga ranar tseren ya mutu. Sauran motocin aka sayar wa masu gwangwan. Tamu aka tura ta bayan gida aka rufe da tamfal, kaji suka mai da kujerar wurin ƙwai.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da Jiddar yau. Kwalta ta kai inda da sai raƙumi. Sitoci sun cinye fiye da rabin sabkha. Samari na sukuwa da manyan motocin Amurka a sababbin tituna, motocin da ba su taɓa kwance ko ƙusa ɗaya a jikinsu ba. Ba na jin zai yi faɗa. Na san shi, cewa zai yi a buɗe masa injin ya gani, ya yi ta jinjina kai. Abin da ba zai gane ba shi ne yadda mutum zai saki mota a guje a kan hanyar da ƙafarsa ba ta san ta ba.

Sati biyu da suka wuce na je gaida Inna. Yaya Idris, wanda yanzu direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, ya jima yana taɓe-taɓe a bayan gida, na ɗauka shara yake. Ina ɗauke da tiren shayi sai na ji 'Yar Shila ta tashi. Ƙarar nan ce dai, mai tari sau biyu kafin ta miƙe. Ban san lokacin da tiren ya faɗi ba. Na samu kaina zaune a ƙasa cikin fasassun kofuna. Inna ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Ya fito yana goge hannu yana dariya. "Esh fiki, ya ukhti, me ya same ki, ƙanwata? Aljani kika gani? Yalla, tashi. Juma'a zan fitar da ita, akwai sauran fili."

"Yaya, ita ta kashe Baba."

"Sitiyari ne ya kashe Baba. Na duba, a karkace yake, na canza shi. Halas."

Nan na gane cewa shirun da na yi shekara goma shi zai kai shi kwanar nan a guje.

Washegari na kawo takalman, na faɗa masa komai a tsaye, ban ɗaga kai ba. Ya juya su a hannu, ya kankare gishirin da farce.

"Ke kaɗai kike ɗauke da wannan?"

"Da Usta Bakhit."

"Wallahi ke mahaukaciya ce," ya ce, ya juya mini baya ya daɗe.

Bai fasa ba. Amma ran Juma'a ya ɗora motar a bayan akori-kura, ya ce in shiga gaba. Ban taɓa ganin sabkha ba sai ranar. Muka cire takalma muka kama hanya. Gishirin na ƙuna, yana suka kamar tsakuwa, ina tafe cikin abaya. Ban san abin da nake nema ba. Sai da muka kai kwanar na ji shi, kamar an zuba ruwan randa a ƙarƙashin ƙafata, alhali saman a bushe yake ƙayau. Na tsaya. Yaya ya wuce ni da taku biyu, sannan ya dawo da baya.

"Kin ji?"

"Na ji."

Ya yi dama, ya yi hagu, yana neman busasshiyar hanya. Sanyin ya kai har bangon sabon sito. Ba wurin kaucewa. Ranar ba a sauke motar ba.

Ba zan ce muku na sami natsuwa ba. Har yau ƙarar babur a bayan taga kan tsinka mini zuciya, kuma Yaya ya ce zai sake gwadawa in zafi ya ƙara busar da wurin. Sunan Baba ba a rubuce yake a ko'ina ba, warsharsa ta zama shagon taya, filin ma ban ga zai kai wasu shekaru ba. Abin da ya rage mota ce shuɗiya, da takalman roba, da abin da ya sani da tafin ƙafarsa, wanda yanzu 'ya'yansa biyu suka sani. Allah ya sanyaya masa makwanci, shi da duk iyayen da suka cika alkawari ga 'ya'yansu.

A hanyar dawowa na ce wa Yaya duk ranar da zai hau, ni zan taka, kuma in na ce akwai sanyi, ba hawa. Muka hau kwalta. Sannan ya ce, idonsa a kan hanya, "Halas, Uwata."

Shekara goma ba wanda ya kira ni haka.