Ranar da Na Riƙe wa Lawali Takalma

Wata ranar Alhamis a watan Yuli, shekarar da kasuwar Rood Woko ta ƙone, na tsaya a ƙasan wani rami mai zurfi yamma da unguwarmu ta Zango a Wagadugu, ina riƙe da takalman Lawali, ɗan baffana. Shi kuwa yana gaban bangon dutse, ƙafa ba takalmi, yana tofa yawu a tafin hannu. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, warin ƙonanniyar taya ya cika ko'ina. Shekarata goma sha ɗaya. Na san abin da ke cikin dutsen nan, na kuma ja bakina na yi shiru.

Lawali ya zo mana hutun lakwal, wato makaranta, daga Damagaram, garin da mahaifina ya baro tun yana saurayi. A wannan damina babu mai lokacinmu. Baba ɗan kasuwar atamfa ne, tunda wuta ta tashe su sai ya koma baza kaya a bakin hanya, ba ya shigowa sai magariba. Innarmu na fama da tuyar ƙosai. Aikinmu shi ne mu turo durom ɗin ruwa daga famfo, mu yanko wa ragon Kaka ciyawa, mu share tsakar gida, daga nan gari namu ne. Mu buga ƙwallon tsumma, mu gara taya, mu yi langa har ƙafa ta yi sanyi, mu ɗaure ƙwaro da zare muna sa shi tashi. Lawali bai iya ko ɗaya ba. Ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, Mosanci kuwa, yaren mutanen garin, ko gaisuwa ba ya ji. Abu guda gare shi, ya kuma ishe mu da shi: duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garinsu.

Ya girme ni da shekara biyu, siriri ne, tafin ƙafarsa kamar ƙirgi. In ya fara ba da labarin hawan dutse sai ka ga yara sun bar ƙwallo sun kewaye shi. Yadda ake cire takalmi don ƙafa ta ji dutsen, yadda ake cusa yatsu a tsaga, yadda in ka kai ƙololuwa kake ganin rufin gidaje da masallatai da shaho yana shawagi a ƙasanka. Ya ce kafin a hau sai an mari dutsen a kara kunne. "Dutse mai lafiya shiru yake yi," in ji shi, "wanda ya amsa maka, bar shi." Sannan ya dubi unguwarmu ya taɓe baki ya ce, "Ku kam garinku kamar an yi masa guga." Kakarmu Hajara, wadda ta yi shekaru rabonta da gida, ita ce mai zuga shi. Tana tambayar lafiyar duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya kamar danginta, tana ƙara masa fura, tana cewa, "Wanda bai hau dutse ba bai san faɗin duniya ba."

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni a Waga aka yanke cibiyata. A lakwal a ce mana baƙi, a gida kuma a ce garin da na sani ba gari ba ne. Ran nan a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu Lawali ya nuna tarin shara ya ce wai shi ne dutsenmu mafi tsawo. Yaran unguwa, waɗanda ya kamata su tare mini, su suka fi kowa dariya. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Cikin kuka na ce mu ma muna da dutse, ya ma fi nasu, sai dai namu ƙasa ya nufa, in ya isa ya zo ya hau.

Ba ƙarya na yi ba. Na san ramin fasa dutsen, don sau biyu ina bin wani maƙwabcinmu direban tipa zuwa ɗaukar tsakuwa. Na ga yadda ake aikin. A jibge tsofaffin tayoyi a jikin bango a cinna musu wuta, ta kwana tana ci har zafi ya tsattsage dutsen daga ciki. In ta mutu sai maza su zo da guduma da ƙarafa su ɓamɓaro shi, mata su kwashe a kwano a ka, su zauna su farfasa. Direban ya taɓa finciko ni da kunne ya ce bangon da aka ƙona ba a zuwa ƙarƙashinsa sai masu guduma sun gama da shi, don a ido lafiyarsa ƙalau, a ciki kuwa ya riga ya saki. Na san wannan sarai ranar da na ja Lawali muka tafi.

Mun sauka ta wata siririyar hanya da rana tsaka, yawancin ma'aikata sun fake a rumfunan buhu suna cin abinci. Wani koren ruwa ya kwanta a ƙasan ramin, ko kwaɗo ba ya motsi a ciki. Toka da wayoyin taya suna ƙara a ƙarƙashin ƙafarmu. Na zaɓi bangon da ya fi tsawo, mai baƙin tabo har sama. Wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai tana fasa tsakuwa ta ɗago kai ta yi mana magana da Mosanci. Cewa ta yi, 'ya'yana, kada ku matsa can, jiya wutarsa ta mutu. Lawali ya ce, "Me tsohuwar ke faɗi?" Na ce, "Sannu da zuwa take mana." Har durƙusawa ya yi ya gaishe ta.

Ya miƙo mini takalmansa. Ya mari dutsen, ya kara kunne. Dutsen ya amsa, irin amsawar tulun da babu ruwa a ciki, daga inda nake tsaye ma na ji. Lawali ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya ce, "Lalle kuna da dutse." Ya yi bismilla ya kama.

Ba zan ɓoye ba, hawan ya yi kyau. Ban taɓa ganin mutum ya manne wa dutse haka ba, hannu ya lalubo, ƙafa ta biyo, kamar ƙadangare a jikin katanga. Daɗi ya kama ni har na manta da tsoro, ga ɗan Damagaram yana gumi a kan dutsen garinmu. Ya kai kamar tsawon ɗaki biyu sai ƙasa-ƙasa ta fara zubowa kaina. Tsohuwar ta miƙe tana ihu. Na buɗe baki in kira shi, amma na makara. Wani falle kamar ƙyauren ɗaki ya ɓalle tare da shi. Shi ya fara isowa ƙasa, fallen ya biyo ya sauka a kan ƙafarsa ta hagu, daidai lokacin da ruwa ya goce.

Maza huɗu suka ɗaga dutsen da ƙarafa, aka ɗora shi a amalanken jaki zuwa bakin kwalta, ni ina biye ina gudu da takalmansa a hannu. Tsohuwar kallona kawai ta yi, kuma har yau ina ganin kallon. Baba ya zane ni don mun je ramin. Bai san sauran ba, babu kuma wanda ya tambaya. Lawali ya yi wata biyu a asibiti, ya koma gida da sanda, ƙafar ta gajarce. Kaka ba ta ƙara ambaton duwatsun Birni ba har ta koma ga Allah.

Yanzu hawan dutse ya zama abin ado. Ɗana yakan nuna mini a salula samarin ƙasarmu da igiyoyi da hulunan kwano suna hawan tsaunukan Sindu, yana cewa duk yankin nan babu kamar namu. Nakan kalla, sannan in mayar masa da wayarsa. Bara na je Damagaram sunan 'yar Lawali. Gyaran rediyo yake yi, rumfarsa na kallon duwatsun da bai ƙara hawa ba. Da la'asar muna zaune yara na tsalle a kan duwatsun, sai na faɗa masa abin da tsohuwar ta ce da abin da na mayar da shi. Ya yi dariya har da tari. "Kai, Habu, ai na ji dutsen ya amsa," ya ce. "To amma ni na sa ka kuka gaban yaran unguwarku. Da na juyo na ce dutsenku ruɓaɓɓe ne, da wane ido za ka dube su?"

Aka kira salla. Ya cire takalma zai yi alwala, ƙasa ta jiƙe, sai ya miƙo mini su. Na hagun an ƙara masa tudu da robar taya don ya daidaita da ɗan'uwansa. Na sake samun kaina tsaye, riƙe da takalman Lawali. Wannan karon sun fi nauyi.