Gadar giginya a bayan Doma

Ana sallame sallar asuba muka bar Lafia, ni da mahaifiyata, za mu ƙauyenmu da ke bayan Doma. Kwana uku ke nan da cire mata yana a ido. Na daman naɗe yake da bandeji, na hagun kuwa ya jima da mutuwa. Likita ya ja kunnena: faɗuwa ɗaya ta isa ta lalata aikin.

A Doma muka shiga akori-kura, kujerar gaba naira ɗari, baya buhunan taki da mata masu saro doya. Hanya duk taɓo, gonaki kore shar. Muna cin dafaffiyar gyaɗa sai direba ya taka birki. Ruwa ya tafi da kwalbati. An gitta kututturen giginya biyu a kan rafin, wata motar na jira a ƙetare.

Na kama hannun Mama, ni a dole ga mai ido. Taku biyar na yi, na kalli ruwan yana gudu. Wallahi sai na ga ya tsaya cak, gadar ce ke tafiya da mu! Na yunƙura in miƙe, ashe karkacewa nake ina jan ta.

"Kai, tsaya!" in ji Mama. "Ina za ka kai ni? Ruwa kake kallo ko? Cire takalman nan."

Ita tun a bakin gaɓa ta cire nata. Na sakar wa rafi silifas ɗina, na kafa ido a kan wani mangwaro a ƙetare. Ta zare hannunta, ta ɗora yatsu biyu kacal a kafaɗata. Kaushin giginya na taɓa tafin ƙafata, duniya ta dawo daidai. Ikon Allah! Tana bayana tana lalube da ƙafa, ko tangaɗi babu, kamar mai zuwa ɗakin girki. Kunya ta kama ni, mamaki ya fi ta.

Abin da na koyo, ido ma yana yi wa mutum ƙarya, sai ƙafa ta kama shi.

Bayan kwana goma muka juyo Lafia. An cire bandeji, tana gani tangaran. A bakin rafin ta daɗe tana kallon gadar.

"A kan wannan na bi?"

Na ce ƙwarai.

Ta yi salati, ta cire takalmi, ta runtse idon nan da muka sha wuya a kansa.

"To, kawo kafaɗar."