Maficin Inna a Cikin Karatun Malam

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana so in ci abinci, bango take gaya wa: "Ga tuwo can yana hucewa." In na yi laifi, ƙanwata take yi wa faɗa da ƙarfi yadda zan ji. Kunyar ɗan fari kenan, kuma a Dandamisa ba wanda yake ganin abin wani abu ne. Na girma, na karanta kwamfuta a Zariya, na samu aikin rubuta manhaja a Kaduna, amma ko waya na buga ta ɗauka, sai dai ta miƙa wa Malam ta ce, "Ga ta nan."

Malam shi ne mahaifina. A zaure ya ƙare ƙuruciyarsa yana karantar da fiƙihu, har zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita a Makarfi ya ce a kiyaye shi da zafi, don in ya yi yawa numfashinsa sarƙewa yake yi. Sai tsofaffin ɗalibansa, wani mai sayar da hatsi a Hunkuyi, wani ma'aikaci a Ikara, da sauransu, suka haɗu suka sa masa sola. Faranti ɗaya ne a saman kwano, da ɗan batir, da fanka mai tsayuwa. Domin fankar aka yi komai, wannan kowa a gidan ya sani, har da ni.

Da bazara na ɗauki hutu na zo gida da wata dabara. Tun da Malam ba ya iya zaman zaure, zai riƙa karanta littafin fiƙihun da yake karantarwa a ɗakinsa bayan la'asar, waya tana ɗauka, ni kuma in haɗa darussan cikin manhajar da ɗalibansa za su sa a wayoyinsu. Ya ji daɗi ƙwarai. Inna ce mai danna wayar, ni kuwa ina ɗakin ƙanwata da tsohuwar kwamfutata, wadda batirinta ya mutu tuntuni, ba ta aiki sai a jone. Na ja wayar wuta daga solar Malam na jona. Ban tambayi kowa ba, ai aikinsa nake yi.

Ga yadda aikin yake. Kowane darasi sai ya bi matakai kafin ya shiga manhaja: a yanke shirun da ke ciki, a rage hayaniya, a matse shi ya ƙanƙance yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Kowane mataki yana fitar da nasa fayil, mataki na gaba ya ɗauka ya ci gaba, a ƙarshe a tattara duka a ɗaure wuri ɗaya. Akwai wata manhaja da nake rubuta wa umarni, ita ke bin matakan nan. Tana da wayo, in ta ga abu a shirye ba ta sake yin sa. Amma tana da wata ɗabi'a: da ta gama, sai ta share duk fayilolin da ta fitar a tsakiyar hanya, ta bar na farko da na ƙarshe kawai. Washegari in na ƙara sabon darasi guda, za ta nemi matsattsun darussan jiya ta rasa, sai ta koma darasi na farko ta faro. Kamar mace ce ta zubar da sauran garinta bayan kowane tuwo, gobe ta koma surfe.

Na lura da hakan tun ranar farko. Gaskiya ma burge ni abin ya yi, don ni mutum ce mai son ganin wuri fes, ko a kwamfuta ba na son tarkace. A ofishinmu na Kaduna kuma wa ya damu? Ka danna, ka tafi shan shayi, janareto yana ta ruri. Na ce zan duba daga baya. Darussa suna ƙaruwa, aikin yana ƙara tsawo, har ya kai daga azahar zuwa faɗuwar rana kwamfutar nan tana huci tana zuƙe wuta.

Wata rana aikin ya kusa kammala sai na ji na'urar solar ta yi ƙara, wuta ta ɗauke, allon ya yi baƙi. Ina da zuciya, ba yau aka san ni da ita ba. Na fito tsakar gida ko ɗankwali ban gyara ba na ce, "Wai wa ya taɓa wutar nan? Tun azahar nake abu, yanzu sai na koma farko!" Ƙanwata ta ce ita ba ta taɓa komai ba. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakin Malam. Ba ta dube ni ba, ta kori kaji daga bakin murhu ta koma ciki. Daga ranar wuta ba ta sake ɗaukewa ba, ni kuma na ce a raina, ka ga amfanin magana.

Bayan 'yan kwanaki na fara jin wani sauti a sababbin darussan. Fas, fas, fas, a hankali, a bayan muryar Malam. Na zargi wayar, na zargi labule, na zargi tantabarun maƙwabta. Na yi ta ƙoƙarin goge shi ya ƙi, kuma duk gwajin da na yi, manhajar nan sai ta sake faro dukan littafin. Abin da ya fi damuna a lokacin, wai kada ɗaliban Malam su ce 'yarsa ta yi aikin da bai fita ba. Na kuma lura yana yawan tsayawa a tsakiyar jumla yana jan numfashi, na ce tsufa ne, na sa a yanke.

Ran nan na ce bari in je in ga mai ɓata mini aiki da idona. Na bar kwamfutar tana ta fama, na yi sallama a ƙofar ɗakin a hankali na ɗaga labule. Zafin da ya buge ni kamar na leƙa tanda. Fanka tana tsaye a kusurwa, an ma rufa mata ƙyalle saboda ƙura. Malam yana jingine da bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a ƙirji, littafi a cinya. Inna tana durƙushe a gefensa da maficin kaba, ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun, don ta daɗe tana fama da ciwon kafaɗa.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ku kunna fanka ba?"

Ya ɗaga hannu aka tsayar da wayar. Ya ce, "Solar ba ta ɗaukar biyu, uwata. In kin gama ma kunna."

"In na gama ai batirin ya ƙare."

"To, Allah ya kai mu damina," in ji shi, har da murmushi.

Inna ba ta daina fifita ba, kuma ba ta ɗago ba. Da ƙanwata ce ta yi wannan, da tun ranar farko ta sha faɗa an cire wayar wutar an jefa mata. Ni kuwa ba ta da bakin da za ta ce mini cire. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na rasa inda zan sa idona.

Na koma na fizge wayar kwamfutar daga bango, na dawo na yaye ƙyallen na kunna fankar da hannuna. Washegari da hantsi, rana tana dukan farantin, na buɗe umarnin na ƙara layi ɗaya, wanda ke gaya wa manhajar ta bar fayilolin tsakiya inda suke, kada ta share. Layi ɗaya tak, kuma na san shi tun ina makaranta. Ta yi doguwar tafiyarta sau ɗaya, daga nan duk darasin da na ƙara, kafin in ɗauro alwala ta gama. Wurin ya cika da tarkacen fayiloli, na bar su.

Na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta dubi randa ta ce, "Aikin ubanta take yi, ina laifi." Da na ɗauko man zafi zan shafa mata a kafaɗa, ta karɓa ta miƙa wa ƙanwata.

Malam ya sauke littafin kafin ruwan farko, ɗalibansa suka karɓa suna ta sa albarka. Sautin maficin na bar shi yadda yake. Da mai hatsin Hunkuyi ya tambaye ni ko wayarsa ce ta lalace, na ce a'a, haka aka ɗauka.

Sai da na koma Kaduna na zauna sauraron asalin abin da wayar ta ɗauka, har da guntayen da manhajar ta yanke a matsayin shiru. A ɗaya daga ciki Malam ya tsaya yana haki, maficin ma ya tsaya. Na ƙara sauti. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Huta haka nan, hannunki." Maficin ya ci gaba. Sai muryar Inna, a hankali don kada in ji daga ɗaya ɗakin: "Bar ta, ta kusa gamawa."

Na duba ranar da lokacin. A daidai wannan lokacin ban kusa gama komai ba, kwamfutata ta sake komawa darasi na farko ne.