Zanen Gwaggo a Wuyan Tukunyata

Shekarun baya, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina ginin tukwane a Kwatarkwashi wajen gwaggona, ƙanwar mahaifina. Gashina na farko, tukwanena duk suka fashe a wuta, matan unguwa suka sha dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na daina yarda da hannuna.

Kowace maginiya tana da zanenta da take yi da tsinke a wuyan tukunya, amma ni Gwaggo ta hana ni yi. Da na gama gini sai ta kwashe su da danshinsu, ta shige ɗaki ta saki asabari. Ranar gashi in duba, kowace tukunya zanenta ne a jiki, nawa ko ɗaya babu. Na ce shi ke nan, farfasa su take yi ta mai da su yumɓu, kunya ce ta hana ta gaya mini.

Zargi ya cika mini ciki. In ta yi tari, da ni take. In maƙwabciya ta yi murmushi, labarina aka ba ta. Har akuyarmu na fara harara. Na ƙudura in na tabbatar, zan bar sana'ar in koma jiƙa da daka.

Sai na yi dabara. Na gina wata tukunya, na danna farcena a cikin gindinta inda ido ba ya kai wa. Bayan an gasa, na nace sai na raka Gwaggo kasuwar Gusau.

Muna zaune wata dattijuwa ta tsuguna tana ƙwanƙwasa tukwane tana saurare. Ta ware ɗaya ta ce wa Gwaggo, "Wagga ta hi. Ke dai hannunki bai tsuhwa!"

Na ce bari in kakkaɓe mata. Na zura hannu, sai ga gurbin farcena. Na lalubi sauran, duk irin ginina ne.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Gwaggo, ashe nawa kika saidawa da zanenki?"

Ba ta musa ba. Ta miƙo mini hannuwanta, yatsun sun kumbura sun karkace. Ta ce, "Tun bara ban iya ɗaga bakin tukunya. Da zanenki na bisa, wa za ya taɓa ta bayan dariyar da anka yi miki? Ke kanki ba ki saye."

Na ji haushi, na ji kunya, na kuma ji wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Har yau ban yarda cewa don ni kaɗai ta yi ba, Allah ya jiƙanta, ita ma tana son sunanta. Amma shekara guda ina ciyar da gidanmu da hannun da nake zagi.

Washegari na gina tukunya. Ta miƙo hannu za ta ɗauka, na ce, "Bari, Gwaggo. Ba ni tsinken."