Rogon Ɗantani da Kwalbar Manja

Ɗantani mai wankin hula na nan Sheshe, wanda kike gaisarwa kullum, tsohon soja ne. Yana saurayi aka kai shi kudu, lokacin yaƙin basasa.

Wata rana motar abincinsu ta kafe a taɓo, yunwa ta ritsa su a daji. Sai ga gonar rogo. Shi ɗan Kano, rogo ai abin marmari ne, ya ce wa abokansa su bar masa aikin. Ya tono, ya ɓare, ya dafa a hular kwano yadda ake yi a gida. Ashe rogon can mai ɗaci ne, sai an jiƙa shi kwana da kwanaki yake ciwuwa. Kafin la'asar duk sun zube, ga amai ga jiri. Tsohuwa mai gonar ce ta tsince su. Ba ta jin Hausa, ba sa jin yarenta, ta dai bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗura musu manja. Allah ya yi da sauran kwana. Ɗantani ya ce shi da rogo har abada.

Da ya dawo ya ga Talatu a Ƙofar Ruwa, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Ranar da ya fara zuwa zance, uwarta 'Yardada ta aiko da kwano zaure. Ya buɗe, dafaffen rogo ne da garin ƙuli. Sana'ar gidan ke nan. To mai neman aure ya mai da kwano yadda ya zo, ai ya raina gida, magana ta mutu.

Ya zuba wa kwanon ido. Talatu ta ce, "Soja guda, rogo kake tsoro?"

Ya ce, "Ke ba ki san halinsa ba. Akwai manja a gidan?"

Ta kawo kwalba tana dariya. Ya girke ta kusa da gwiwarsa, ya yi bisimilla, ya cinye tas, ya zauna jiran jiri. Shiru. Sai daɗi. Aka mai da kwano wayam, 'Yardada ta ce wannan ɗan gida ne.

Yau ga su da jikoki cike da gida. Har yanzu in Talatu ta dafa rogo sai ta leƙo ta ce, "Malam, a kawo likitan naka?"

Ya ce, "Kawo shi, Hajiya, ya zauna kusa." Bai taɓa buɗe kwalbar ba. Sai dai ya dube ta, ya ce Allah ya saka wa tsohuwar nan mai gona da alheri, sannan ya sa hannu.