Jaririyar da ba ta kuka

Shekarun baya can, ina goyon ɗiyata ta fari a Sabuwa, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya yaba mini ita. "Kai, yarinyar nan akwai haƙuri, ko kukanta ba a ji." Ni kuwa sai in washe baki, kamar wani ƙoƙari na yi.

Abin da ba su sani ba, ina shan maganin tari, irin mai sa maye. Tsoro ne ya jefa ni ciki. Lokacin an matsa wa ƙauyukanmu da hare-hare, iyayena suna Damari, mijina kullum yana kan hanyar kasuwa da hatsi. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke. Wata maƙwabciyata ta zuba mini a lemo, ta ce zai kwantar mini da hankali. Ya kuwa kwantar. Kafin in ankara, in ban sha ba ko tsintsiya ba na iya ɗauka.

Uwar mijina, da muke kira Inna, ita kaɗai ce ba ta taɓa yaba haƙurin nan ba. Wata safiya ta ɗaga hannun yarinyar ta saki, ya faɗi laƙwas. Ta ce in ba ta nono. Ta ɗan tsotsa, ta saki, ta koma barci.

"Ɗauko mayafinki," in ji Inna. "Wannan ba haƙuri ba ne."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba idonta, ta saurari numfashinta, ta tambayi abin da muke ba ta. Na rantse ban da nono ba ta shan komai.

"To ke mi kike sha?"

Wai sai na ce shayi. Shayi fa! Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da uwa ta sha yana bi ta nono, numfashin yarinyar ya yi ƙasa, in aka ci gaba a haka wata rana za ta kwanta ba za ta tashi ba. A nan na faɗi gaskiya, kaina a sunkuye, Inna tana tsaye a gefena. Na so ƙasa ta tsage.

Na ɗauka muna komawa gida za ta aika Damari a zo a ɗauke ni. Sai kawai ta kwaso tabarmarta ta shimfiɗa a ɗakina. Ta gaya wa maƙwabta zazzaɓi nake yi. Yarinyar aka mayar da ita kan madara kamar yadda aka ce a asibiti, ni kuma na shiga nawa halin na rashin maganin: zufa, amai, ciwon gaɓoɓi, jiki na rawa. Na roƙe ta ta bar ni in leƙa maƙwabta.

"Ki zage ni in kina so," ta ce. "Ƙofar nan dai ba za ki fita ba."

Kuma na zage ta. Tsohuwar da ke kwashe amaina da hannunta, na kira ta muguwa.

Da mijina ya dawo, ba ta ce masa komai ba, ta ce ni zan faɗa da bakina. Da na faɗa masa, ya daɗe bai iya kallona ba, amma shi ya riƙa kai ni asibiti. Na taɓa komawa sha bayan nan, aka sake farawa daga farko. Ba a rana ɗaya na rabu da shi ba.

Kafin Inna ta rasu na durƙusa na nemi gafarar zagin nan. Ta ce, "Wane zagi? Kwalba ce ta yi magana, ni ban ji surukata ba." Allah Ya jiƙanta.

Na koyi cewa mai rufa maka asiri ba shi ne mai ƙyale ka ba. Amma kunyar ba ta tafi ba. Yarinyar tana makaranta yanzu, lafiyarta lau, malamanta sun ce ba abin da ke damunta. Duk da haka, duk ranar da ta kawo sakamako ba ta yi ƙoƙari ba, mahaifinta ya ce in yi mata faɗa, sai in buɗe baki in kasa. Shi yana cewa shagwaɓa ta nake yi. Ni kuwa kallonta nake, ina tambayar kaina ko ni ce sila.